Babi na Shida: Wa Ke Jan Akalar Amurka a Kan Falasɗinu?

Sau biyu Nijar na yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila. Karon farko a watan Janairun 1973 ne, zamanin Diori Hamani, wata tara kafin yaƙin Oktoba ya sa galibin ƙasashen Afirka su bi sahu. Ibrahim Bare Mainasara ya ɗinke ɓarakar a 1996. A watan Afrilun 2002 kuma, sa'ad da tankokin Isra'ila suka kutsa sansanin Jenin, suka kuma yi wa Yasser Arafat ƙawanya a Ramalla, gwamnatin Tanja Mamadu ta sake rufe ƙofa, har yau kuwa ba a buɗe ta ba. Tun 1988 ƙasarmu ta amince da Falasɗinu a matsayin ƙasa, kuma ɗan Nijar, Hamid Algabid, shi ya riƙe sakatare janar na Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi daga 1989 zuwa 1996.

Duk da wannan tarihi, da Antony Blinken ya sauka Yamai a watan Maris na 2023, sakataren harkokin wajen Amurka na farko da ya taɓa taka ƙasar nan, ba maganar ta'addanci da tallafi kaɗai ya zo da ita ba. Jaridar Axios ta Amurka ta ruwaito daga baya cewa ya nemi Shugaba Bazoum Mohamed ya duba batun maido da hulɗa da Isra'ila. Juyin mulkin 26 ga Yuli ya binne zancen. Amma tambayar tana nan: me zai sa ministan ƙasa mafi ƙarfi a duniya ya ƙetaro teku da hamada yana ɗauke da saƙon wata ƙasa?

A Afala, da Tawa, da kowane ƙauye na Adar, amsar a bakin kowa take. Bayan isha'i, in an shimfiɗa tabarma an ɗora buta a kan gawayi, wani zai zaro waya ya ce ku ga abin da yaro ya turo daga Abijan ko Sabha. Wayar ta yi ta yawo hannu da hannu. Ga wani uba yana tonon ɓaraguzan gidansa da ƴan yatsu, ga ƙafar yaro ta leƙo fara fat da ƙura. Dattijo ya mayar da wayar yana salati, wani ya ce Allah ya isa. Shekaru da dama rediyo ce ke kawo wannan labari, har da Sashen Hausa na Muryar Amurka kafin Donald Trump ya rufe bakinta a watan Maris na 2025. Yanzu ido ke gani. Kafin a zuba shayi na biyu wani zai yanke hukunci: "Ai Yahudawa ne ke mulkin Amurka. Su ke da kuɗin, su ke naɗa shugaba."

Raɗaɗin da ke bayan wannan magana gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Ita maganar ce ba daidai ba, kuma tana hana mu ganin inda gizo ke saƙa. Yahudawan Amurka ba su wuce miliyan bakwai da rabi ba a cikin mutum sama da miliyan 330, wato kamar biyu cikin ɗari. Kusan bakwai cikin gomansu jam'iyyar Dimokurat suke zaɓa, ba jam'iyyar da ta fi rungumar firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu ba. Sanatan da ya fi kowa tsayawa kai da fata a kan a daina tura wa Isra'ila bamabamai, Bernie Sanders, Bayahude ne wanda dangin mahaifinsa suka halaka a hannun ƴan Nazi. Ɗora laifin gwamnati a kan ƙabila guda zalunci ne, mu da ake yi mana kuɗin goro da sunan ta'addanci mun san zafinsa.

Ba kuma tun fil azal aka ƙulla wannan ƙawance ba. Ranar 14 ga Mayun 1948, minti goma sha ɗaya bayan an shelanta kafa Isra'ila, Shugaba Harry Truman ya amince da ita, amma sai da ya ture shawarar sakataren harkokin wajensa, Janar George Marshall, wanda ya ga cewa hakan zai ɓata Amurka da Larabawa, ya kuma zargi masu ba Truman shawara da hangen ƙuri'a. A 1956, da Isra'ila da Ingila da Faransa suka far wa Masar saboda mashigin Suwez, Shugaba Eisenhower ya tsawata musu, ya yi barazanar takunkumi, a watan Maris na 1957 Isra'ila ta kwashe sojojinta daga Sina'i. A waɗancan shekaru Faransa ce babbar mai ba Isra'ila makamai, da jiragen Mirage aka yi yaƙin kwana shida na 1967. Bayan wannan yaƙin, da shugaban Faransa De Gaulle ya juya baya, Amurka ta ga ƙaramar ƙasar da ta karya rundunonin da Tarayyar Sobiyet ta ɗaure wa gindi, ta ce ta samu abokin tafiya a yaƙin cacar baka. A Oktoban 1973 Shugaba Nixon ya yi ta jigilar makamai ta sama zuwa Isra'ila ana tsakiyar yaƙi. Daga nan kuɗi suka fara kwarara ba yankewa. Yarjejeniyar da gwamnatin Barack Obama ta sa wa hannu a 2016 ta tanadi dala biliyan 38 cikin shekara goma, wato biliyan 3.8 kowace shekara. In aka juya shi zuwa sefa ya haura biliyan dubu biyu, fiye da rabin kasafin kuɗin Nijar na shekara guda. Yawancin kuɗin nan kuwa ba sa barin Amurka: masana'antun Lockheed Martin da Boeing da ire-irensu suke komawa, inda ake ƙera jirage da bamabaman, kuma kowace masana'anta tana cikin mazaɓar wani ɗan majalisa da ba ya son a ce a zamaninsa aka sallami ma'aikata.

Abin da ba a cika faɗa a fadodinmu ba shi ne, rundunar da ta fi kowace yawa a bayan Isra'ila cikin Amurka a coci take. Akwai miliyoyin Kiristoci masu bishara, mafi yawansu farar fata a jihohin kudu da tsakiyar ƙasar, waɗanda suka yi imani cewa alkawarin da Allah ya yi wa Annabi Ibrahim a Littafin Farawa yana kan Isra'ilar yau, ƙasar da ke da firaminista da jiragen yaƙi. A wurinsu wanda ya tsaya mata ya samu albarka, wanda ya juya mata baya ya jawo wa ƙasarsa fushin Ubangiji. Da yawansu sun ƙara da cewa taruwar Yahudawa a wannan ƙasa alama ce ta kusantowar dawowar Almasihu. Mutumin da ya riƙe wannan a matsayin aƙida, ba taswira ko ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya da zai girgiza shi. Fasto John Hagee na birnin San Antonio a jihar Texas ya kafa ƙungiyar Kiristoci masu goyon bayan Isra'ila, CUFI, a 2006, kuma ƙungiyar na cewa mambobinta sun haura miliyan goma, wato sun fi dukkan Yahudawan Amurka yawa. Kusan takwas cikin goma na farar fata masu bishara Trump suka zaɓa duk lokacin da ya tsaya. Ranar 14 ga Mayun 2018, da aka buɗe ofishin jakadancin Amurka a Ƙudus, fastoci biyu daga Texas, Robert Jeffress da Hagee, su suka yi addu'ar buɗewa da ta rufewa, a daidai ranar da sojojin Isra'ila suka harbe Falasɗinawa kusan sittin a shingen Gaza. Shi kansa Trump ya faɗa a wani gangami a 2020 cewa domin masu bishara ya yi wannan aiki. Da ya dawo mulki kuma, tsohon faston Baptis, Mike Huckabee, ya tura jakada Isra'ila, mutumin da ya daɗe yana ƙin kiran Yammacin Kogin Jodan yankin da aka mamaye.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan yaƙin Kirista da Musulmi ne. Cikin Falasɗinawa akwai Kiristocin da kakanninsu ke Baitalami da Ƙudus tun kafin a san da wata Amurka. Shireen Abu Akleh, wakiliyar Aljazeera da aka harbe a Jenin a watan Mayun 2022, Kirista ce, kuma tana da takardar zama ƴar Amurka. Coci-coci da dama a Amurka, musamman na baƙar fata da tsofaffin ɗariƙun Furotesta, sun sha kiran a tsagaita wuta.

Sai ƙungiyar AIPAC mai kamun ƙafa don Isra'ila a majalisar Amurka, wadda sunanta ya fi yawo. Ƙarfinta gaskiya ne, amma ba tsafi ba ne, aiki ne da sanin ƙa'idar wasa. A Amurka, kafin ɗan takara ya fuskanci abokin hamayya sai ya fara cin zaɓen fid da gwani a cikin jam'iyyarsa, zaɓen da mutane ƙalilan ke fita. A mazaɓu da yawa jam'iyya ɗaya ce ke da rinjaye, saboda haka wanda ya ci fid da gwani ya riga ya shiga majalisa. Mu Adarawa mun san yadda attajiri guda da ke zaune a Yamai ko Abijan kan iya rinjayar wanda jam'iyya za ta tsayar a garinsu. To, haka abin yake can, sai dai da lauyoyi da rasit. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 ya buɗe wa ƙungiyoyi ƙofar kashe ko nawa suka ga dama wajen tallata ɗan takara ko ɓata shi. A ƙarshen 2021 AIPAC ta kafa nata asusun zaɓe. A 2024 ta zuba kimanin dala miliyan 14 da rabi don kayar da Jamaal Bowman na New York, da fiye da miliyan 8 a kan Cori Bush ta St. Louis, dukansu baƙar fata masu sukar yaƙin Gaza, dukansu kuma suka faɗi. Wanda ya zauna gaban talabijin a mazaɓar Bowman a watan Yunin nan, abin da aka fi nuna masa shi ne ɗan majalisarsa ya ƙi zaɓen dokar gina hanyoyi da gadoji ta Shugaba Biden, yana rigima da jam'iyyarsa. Da wuya a ambaci Isra'ila. Masu biyan kuɗin tallan sun san cewa a cikin ƴan Dimokurat sunan ba ya sayuwa kamar da. Darasin kuma ba don Bowman kaɗai aka yi shi ba. Sauran ƴan majalisa fiye da ɗari huɗu suna kallo, kowa na shafa gemunsa.

Wannan tsari shi ke fita waje ya zama manufa, har ya iso mu. A watan Disamban 2017, da babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya zai kaɗa ƙuri'a a kan matakin Trump na amincewa da Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila, jakadiyar Amurka Nikki Haley ta ce za su rubuta sunan duk ƙasar da ta saɓa musu. Ƙasashe 128 suka saɓa, tara suka bi Amurka, cikinsu har da Togo. A 2020 aka buɗe kasuwa a fili: Sudan ta yarda da Isra'ila aka cire ta daga jerin masu ɗaure wa ta'addanci gindi, Maroko ta yarda aka amince mata da mallakar Yammacin Sahara. Gwamnatin Biden ta gaji wannan ciniki ta ci gaba da shi, domin kowace sabuwar ƙasar Musulmi da ta shiga sahu nasara ce da za a nuna wa majalisa da masu zaɓe a gida. Nijar, wadda a lokacin take da sansanin jirage marasa matuƙi na Amurka a Agadas, mai buƙatar tallafi ta kowace fuska, dole idonsu ya faɗa kanta. Jami'anmu sun kuma ga abin da idonsu. Nijar na cikin Kwamitin Sulhu a 2020 da 2021, Abdou Abarry na wakiltarta. A watan Mayun 2021, ana ruwan wuta a Gaza kwana goma sha ɗaya, ƙasashe goma sha huɗu suna son a fitar da sanarwar kiran tsagaita wuta, Amurka ita kaɗai ta yi ta hanawa. Nijar da Aljeriya ne suka nemi a kai maganar babban zaure, inda babu mai hawa kujerar na ƙi.

Sai dai ƙasar da wannan gini ke tsaye a kai ta fara motsi, kuma wannan ne ɓangaren labarin da bai iso fadodinmu sosai ba. Cibiyar Gallup ta shafe shekaru tana tambayar Amurkawa wa suka fi tausaya wa. A farkon 2023, tun kafin yaƙin, a karon farko ƴan Dimokurat da suka ce Falasɗinawa sun zarce masu cewa Isra'ilawa, 49 da 38 cikin ɗari. Harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoban 2023, wanda ya kashe kimanin mutum 1,200, akasarinsu farar hula, aka kuma yi garkuwa da kusan 250, ya girgiza Amurkawa ƙwarai, kuma duk mai son fahimtar su dole ya riƙe wannan. Kisan mata da yara a gidajensu ba abin da zai wanke shi. Biden ya tashi takanas ya je Tel Abib ya rungumi Netanyahu. Amma watanni suka yi ta shuɗewa, gawarwaki na ƙaruwa, har ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga sama da dubu sittin a watan Yulin 2025, ga yunwa da aka ƙaƙaba wa mutum miliyan biyu. Hotunan da ke yawo a wayoyin Afala su ne ke yawo a wayoyin samarin Chicago. A 2025 Gallup ta samu 46 cikin ɗari na Amurkawa a ɓangaren Isra'ila, mafi ƙanƙanta cikin shekara ashirin da biyar, 33 kuma a ɓangaren Falasɗinawa. Cibiyar Pew ta ce 53 cikin ɗari ba sa kallon Isra'ila da idon rahama, alhali a 2022 adadin 42 ne.

Rabuwar ta bi layin jam'iyya da na shekaru. A binciken Gallup na 2025, kusan uku cikin huɗu na ƴan Rifablikan suna tare da Isra'ila, kusan shida cikin goma na ƴan Dimokurat suna tare da Falasɗinawa. Dattijon da ya girma da labarin kisan ƙare dangi da aka yi wa Yahudawa a Turai da yaƙin 1967 yana ganin ƙaramar ƙasa da maƙiya suka kewaye. Jikansa bai san Isra'ila ba sai ta Netanyahu da shingaye da matsugunan ƴan kama wuri zauna. A watan Afrilun 2024 ɗaliban Jami'ar Columbia suka kafa tantuna a harabar makaranta, aka kama fiye da ɗari a rana guda, wutar ta bazu zuwa jami'o'i da dama, aka kama sama da dubu biyu cikin ƴan makonni. Cikin waɗanda aka ɗaure wa hannu akwai ɗalibai Yahudawa masu yawa. Wasu ɗalibai Yahudawan kuma sun ce an tsangwame su an tsorata su, kuma kukansu ya kai majalisa har shugabannin manyan jami'o'i suka rasa kujerunsu.

Baƙaƙen Amurka suna da tsohon tabo a wannan magana. A 1979 Andrew Young, abokin gwagwarmayar Martin Luther King, jakadan Amurka baƙar fata na farko a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sauka daga muƙaminsa don kawai ya gana da wakilin ƙungiyar Falasɗinawa ta PLO. Larabawa da Musulmin jihar Michigan kuwa sun gwada ƙarfin ƙuri'arsu a 2024: sama da mutum dubu ɗari suka ƙi zaɓar Biden a fid da gwani na watan Fabrairu. A babban taron jam'iyyar Dimokurat a Chicago suka roƙi a ba Bafalasɗine ko da ɗaya damar magana a dandali, aka hana. A watan Nuwamba Trump ya zo na ɗaya a Dearborn, birnin da Larabawa suka fi yawa. Wata uku bayan haka ya tsaya kusa da Netanyahu ya ce Amurka za ta karɓe Gaza a kwashe mutanenta. Shi ne kuma ya matsa har aka tsagaita wuta a Oktoban 2025. Zafin zuciya ya sa Larabawa da Musulmin Michigan suka hukunta jam'iyyar da ta raina su, amma tsarin jam'iyyu biyu bai bar musu wata ƙofa ta uku ba, kuma ina ganin babu mai adalcin da zai zarge su daga nesa.

Ko a gidan Trump an fara jin tsagewa. Tucker Carlson da Marjorie Taylor Greene, masu kishin "Amurka farko", suna tambayar dalilin da za a riƙa tura biliyoyi waje alhali ƴan ƙasa na kuka da tsadar haya da asibiti. Ba son Falasɗinawa ne ya motsa yawancinsu ba, wasu ma a gefensu tsohuwar ƙiyayyar Yahudawa ce ke magana da bakinsu, bai kamata mu yi murna da irin wannan aboki ba. Duk da haka Pew ta nuna cewa rabin ƴan Rifablikan da ba su kai shekara hamsin ba sun daina yi wa Isra'ila kallon alheri. A ɗaya gefen, a watan Nuwamban 2025 birnin New York, wanda ya fi kowane birni a wajen Isra'ila yawan Yahudawa, ya zaɓi Zohran Mamdani magajin gari: Musulmi, haifaffen Kampala, wanda bai taɓa ɓoye goyon bayansa ga Falasɗinawa ba.

Ra'ayin jama'a dai yana gaba, majalisa na biye a hankali, ga dalilan da muka gani. A watan Afrilun 2024, ana tsakiyar zanga-zangar ɗalibai, majalisa ta amince da ƙarin kimanin dala biliyan 14 na taimakon soja ga Isra'ila, a watan ne kuma Amurka ta hau kujerar na ƙi ta hana Falasɗinu zama cikakkiyar mamba a Majalisar Ɗinkin Duniya. Da Sanders ya kawo ƙudurin hana sayar da wasu makamai a Nuwamban 2024, bai samu fiye da sanatoci 19 cikin ɗari ba. A ƙarshen Yulin 2025 ya sake kawowa ya samu 27, fiye da rabin sanatocin ɓangaren Dimokurat, ba ɗan Rifablikan ko ɗaya. Ƙudurin ya faɗi, makaman sun tafi. Yarjejeniyar dala biliyan 38 za ta ƙare a 2028, shekarar da za a zaɓi sabon shugaban ƙasa, kuma kowane ɗan takarar Dimokurat zai tsaya gaban masu zaɓen fid da gwani ya faɗi ko zai sabunta ta, da kuma sharuɗɗan da zai gindaya.